Kura da Shan Bugu: Daga Gardawan Katsina zuwa Pokémon

Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Katsina a farkon shekarar 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne girman ganuwa da ƙarancin mutanen da ke cikinta. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14, amma mazauna birnin ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba, sun tattaru a kusurwa guda. Sauran filin gonaki ne da kangaye da kududdufan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini. Ke nan daji yana cikin birni. Yaron da ya tashi a Katsina ta wancan zamani, har ma da ta shekaru ɗari bayansa, ba ya bukatar fita Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri kafin ya haɗu da abin kamawa.

Tarihin sarauta da na yaƙi sun samu marubuta. Tarihin abin da yara ke kamawa bai samu ba, alhali kuwa ilimi ne mai faɗi. Akwai lokacin fara da lokacin gyare, akwai daren da shinge ke fitowa bayan ruwan farko. Yaro ya san ramin da gafiya ke ciki da wanda kunama ta gaje, ya san yadda ake ɗana wa kurciya tarko, da yadda ake ɗaura wa ƙwaro zare a ƙafa a sake shi yana shawagi kamar jirgi. A bakin kududdufi ana kwasar talibambam a gwangwani. Wanda ya ɗan girma ya koma kiwon tattabaru, yana musaya da abokai, yana alfahari da launin da babu wanda ke da irinsa a unguwa. Idan Babbar Salla ta gabato, samari su fito da raguna a gwada karo, kafin manya su hango su kore su. Kamawa, renon abin da aka kama, musaya, sannan gwada ƙarfinsa da na wani: waɗannan huɗun su ne ginshiƙan wasan bidiyon da ya zama ɗaya daga cikin manyan hajojin nishaɗi a duniya, wato Pokémon, kuma babu ɗaya daga ciki da yake baƙo a ƙasar Hausa.

Sai dai a nan akwai waɗanda suka mayar da abin sana'a ta gado, suka kai shi inda yaro ba zai iya ba. Su ne gardawa. Kalmar tana da ma'ana biyu, domin ana kiran manyan almajiran tsangaya da ita, amma gardin da ake nufi a nan shi ne mai wasa da kura da maciji da biri, wanda ke shigowa kasuwa da kiɗa, ya ɗaura bante mai tarin layu, yana jan kura da sarƙa, bakinta cikin takunkumi. Jama'a su kewaye shi, yara su hau katanga. Kuɗin da ake jefawa a fili ba su ne asalin cinikin ba. Kurar talla ce: mutumin da ya iya kwantar da dabbar da ke tauna ƙashi kamar rake, lalle maganin da yake sayarwa yana ci. Bahaushe ya daɗe da gane yadda rabon yake, shi ya sa ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duniya ta san da waɗannan mutane ne ta hanyar Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu. Ya fara ganin wani hoton waya da aka ɗauka daga tagar mota a Legas, wanda wata jarida ta buga tana cewa masu riƙe da kurayen 'yan fashi ne ko masu karɓo bashi. Da taimakon ɗan jarida Adetokunbo Abiola ya same su a wajen Abuja a 2005, ya bi su yawo na kwanaki, ya sake komowa a 2007, shekarar da littafin hotunan ya fito. Ashe 'yan uwa ne Hausawa, masu wasa da sayar da magani. Ɗaya daga cikin manyansu ɗan Malumfashi ne a Jihar Katsina, wanda ya shiga sana'ar mahaifinsa yana ɗan shekara 15, kuma sharaɗin shiga shi ne ya mallaki kurarsa ta kansa. Bayanin da ya yi wa Abiola na yadda ake kamun ya cancanci a tsaya a kansa. Ana bin sawu da karnukan farauta har bakin kogo. Ana hura wani farin gari cikin kogon domin jikin dabbar ya mutu. Sannan a shiga a jawo ta, a sa ta a kejin ƙarfe, a yi wata ɗaya ko biyu ana sabar da ita da mutane. Daga nan sai a raɗa mata suna. Wadda ta fi shahara a hotunan sunanta Mainasara.

A raunana ta, a sa ta barci, a kulle ta, a horar da ita, a ba ta suna. Duk wanda ya taɓa riƙe Game Boy zai gane wannan jeri, domin shi ne daidai yadda ake kama halitta a Pokémon. Ba a jefa wa dabbar dawa ƙwallon kamu tana da cikakken ƙarfi; sai an rage mata kuzari, kuma idan an sa ta barci ko an shanye mata jiki, damar kamun takan ƙaru. Wannan ba ya nufin wani ya kwaikwayi wani. Matsala ɗaya ce mutane suka fuskanta a wurare mabambanta, suka dace a kan mafita ɗaya.

Wannan al'ada ta gardi ta sha bamban da ta jarumin tatsuniya da na tarihin kafuwar ƙasa. Bayajidda da ya isa rijiyar Kusugu a Daura bai kama macijiyar ya mayar da ita baiwarsa ba, sare kanta ya yi. Dodon tatsuniya ma kashe shi ake yi ko a yaudare shi a tsere. Tunanin mallakar halitta mai ban tsoro a sa ta aiki ya fi zuwa ta wata ƙofar: labarin Annabi Sulaiman da aljanu, da hikayar masuncin nan na Dare Dubu da Ɗaya wanda ya janyo tulun tagulla daga teku, ya buɗe, ifiritu ya fito kamar hayaƙi, sannan da dabara ya mayar da shi ciki. Ƙaramin mazubi mai ɗauke da ƙaton abu tsohon mafarki ne. Bori kuwa ya juya lissafin gaba ɗaya, domin a can iska ce ke hawa, mutum ne doki ko goɗiya.

Malaman birnin, tun zamanin da Gobarau ke cibiyar karatu, suna da abin cewa a kan kowane mataki, kuma sun rarrabe su da kyau. Riƙe tsuntsu domin wasan yaro yana da madogara a hadisin ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake tambayarsa labarinsa. Horar da dabba domin farauta ya zo a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, kuma littattafan Malikiyya irin su Risala, da ake karantawa a zaurukan Katsina har yau, sun yi bayanin hukuncin abin da horarren kare ko shaho ya kamo. Ma'aunin horo a wurin malaman fiƙihu a taƙaice yake: dabbar da idan an tura ta za ta tafi, idan an tsawatar mata za ta tsaya. Mataki na ƙarshe ne suka ƙi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hani daga Ibn Abbas game da zuga dabbobi su yi faɗa da juna, kuma ko da masana hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, hukuncin ya tsaya a kan asalin haramcin azabtar da dabba ba tare da dalili ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ta ciyar ba ya ƙara sharaɗi: wanda ya kulle, ciyarwa ta hau kansa. Wannan ne ya sa karon raguna bai taɓa samun mutuncin da sukuwa ko holo suka samu a Katsina ba, garin da Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka mayar da horar da doki abin alfahari na ƙasa baki ɗaya.

A gabashin Asiya labarin ya bi wata hanya, domin can faɗan ƙananan halittu ya shiga fada. A ƙasar Sin an shafe ƙarnuka ana haɗa gyare faɗa. Ana kamo su a ƙarshen bazara, a ajiye a 'yan tukwanen yumɓu, a auna nauyinsu kamar 'yan dambe, a tsokane su da siririn tsinke kafin a sake su. Jia Sidao, wazirin daular Song ta Kudu a ƙarni na 13, shi ake jingina wa littafi na farko a kan kiwon gyare, kuma marubutan tarihin Sin ba su yafe masa ba: sun ce yana durƙushe yana kallon faɗan ƙwari sa'ad da Mongol suka yi wa birnin Xiangyang ƙawanya, birnin da faɗuwarsa a 1273 ta buɗe ƙofar rushewar daular. A Japan kuwa, kamun ƙwari a lokacin hutun bazara ya zama kamar wajibi ga yara maza, musamman manyan ƙwari masu ƙaho da ake ɗorawa a kan itace su ture juna.

Cikin wannan al'ada aka haifi Satoshi Tajiri a 1965. Ya tashi a Machida, wani gari a gefen Tokyo wanda a lokacin yake da gonakin shinkafa da tafkuna da 'yan dazuzzuka. Son ƙwarinsa ya kai abokansa suna kiransa likitan ƙwari. Ya lura, alal misali, cewa ƙwarin da ke cin abinci a bishiya da dare sukan ɓuya ƙarƙashin dutse da rana, sai ya riƙa ajiye duwatsu a gindin bishiyoyi yana dawowa da safe. Kafin ya gama makarantar sakandare, Tokyo ta haɗiye Machida. Aka cike tafkuna, aka shimfiɗa kwalta, kuma kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya, inda ake kamun kifi ya koma gidan wasannin na'ura. Tajiri bai yi zaman makoki ba. Ya shiga gidan wasan, ya kamu da Space Invaders da ya fito a 1978. A 1983 ya fara buga wata 'yar mujalla da hannu mai suna Game Freak, mai zane Ken Sugimori ya haɗu da shi, a 1989 suka mayar da ita kamfanin ƙera wasanni.

A wannan shekarar ce Nintendo ya fitar da Game Boy, tare da wata igiya da ke haɗa na'urori biyu. Kowa ya ɗauki igiyar a matsayin hanyar gasa. Tajiri ya hango ƙwaro yana tafiya a kanta daga wannan na'ura zuwa waccan, wato musaya. Ya haɗa wannan da wani shirin talabijin na yarintarsa, Ultra Seven na 1967, inda jarumi ke jefa ƙananan mazubai dodanni su fito su yi yaƙi a madadinsa. Ba shi ne farkon wanda ya sa ɗan wasa ya mallaki dodo maimakon ya kashe shi ba: Megami Tensei na 1987 ya ba da damar lallashin aljanu su koma bayanka, Dragon Quest V na 1992 ma ya yi makamancin haka. Abin da ya ƙara shi ne tarawa da musaya. Aikin ya ci shekara shida, kamfanin ya kusa durƙushewa, ma'aikata suka gudu, Tajiri ya daina karɓar albashi. Ranar 27 ga Fabrairu 1996 wasan ya fito a kaset biyu, ja da kore, da halittu 151. Shigeru Miyamoto na Nintendo ne ya ba da shawarar a raba shi biyu, kowane kaset da wasu halittun da babu su a ɗayan, ta yadda babu yaron da zai iya cika tarinsa ba tare da aboki ba. Dabarar ciniki ce, babu shakka, amma ta dawo da abin da kwalta ta kashe, wato yara biyu a tsugune suna cinikin abin da suka kamo.

Idan aka duba ƙa'idojin wasan da idon mafarauci, za a ga an san dabba. Kowace halitta tana da mazauninta: wata sai a doguwar ciyawa, wata a kogo, wata sai da ƙugiya. Ruwa na cin wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na cin ruwa. Ba a ɗaukar fiye da shida a tafiya ɗaya, kuma kowace ba ta riƙe dabarar faɗa fiye da huɗu, sai ta manta wata kafin ta koyi sabuwa. Mafi daɗin lura shi ne cewa halittar da aka karɓo daga hannun wani, idan ta fi ƙarfin matsayin sabon maigidanta, takan ƙi bin umarni, ta juya baya ko ta kwanta barci a tsakiyar faɗa. Duk wanda ya taɓa sayen doki ko karen farauta da wani ya horar ya san wannan. Akwai ma wata halitta mai suna Poliwag da ke da zanen murɗe a ciki, wanda Tajiri ya ɗauko daga hanjin talibambam da ake hangowa ta fatar cikinsa. Kura kanta ta shigo a 2002, da sunan Poochyena da Mightyena.

Amma abin da aka cire ya fi abin da aka saka bayyana manufar wasan. Halittar Pokémon ba ta jin yunwa a cikin ƙwallonta. Ba ta zubar da jini, ba ta mutuwa a faɗa. Suma take yi, a kai ta asibiti kyauta, ta farfaɗo cikin daƙiƙu. Tajiri ya zaɓi haka da gangan, domin ba ya son yara su ɗauki mutuwa a matsayin faɗuwa a wasa. Ba ta kuma cizon maigidanta. Gardin Malumfashi yana neman nama kullum domin dabbar da ba ta san azumi ba, jikinsa duk tabo, kuma ya san ranar da takunkumi ya kwance babu sabon da zai cece shi. Wannan tsoro da wannan nauyi su ne farashin mallakar abu mai rai, kuma su ne suke haifar da ɗan abin da ake iya kira girmamawa tsakanin mutum da dabba, ko da a cikin sana'ar da ke da zalunci a fili. Wasan ya ba da daɗin mallaka ya ɗauke farashin. Masu ƙera shi sun san da wannan giɓi, har a Pokémon Black da White na 2010 suka ƙirƙiro wata ƙungiya mai kiran a 'yanta halittun daga hannun masu horo. Sai dai labarin ya bayyana shugaban ƙungiyar a matsayin mayaudari mai son mulki, tambayar ta mutu ba a amsa ta ba.

Lokacin da wasan ya iso ƙasashen Musulmi, ba ta wannan ɓangaren aka tuhume shi ba. A 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon, kuma hujjojinsa uku ne: caca a cikin katunan wasan da yara ke saye suna cinyewa, alamomin da aka ce na wasu addinai ne, da kuma kalmar da wasan ke amfani da ita idan halitta ta sauya siffa, wadda aka fassara da ra'ayin Darwin. Hujja ta uku ta fi rauni, domin abin da ke faruwa a wasan ya fi kama da tsutsa ta zama malam-buɗe-littafi, abin da kowane yaro ya gani da idonsa. Ta farko kuwa tana da ƙarfi, kuma kasuwar katunan ta yau, inda kati ɗaya ke kai miliyoyin daloli, ba ta ƙaryata ta ba. Batun zuga dabbobi faɗa, wanda malamin zaure a Katsina zai fara kawowa, bai zama jigon muhawarar ba, wataƙila saboda zane ba ya jin zafi. Tarihi kuma ya yi nasa barkwancin: a 2025 kamfanin Scopely, mallakar asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ta hannun Savvy Games, ya sayi sashen wasannin Niantic, har da Pokémon GO, a kan dala biliyan 3.5.

A Katsina Pokémon bai taɓa zama sarkin wasanni ba. Gidajen gem na unguwanni ƙwallon ƙafa suka fi sani, kuma yaran da suka san Pikachu galibi ta zanen talabijin da jakar makaranta suka san shi. Amma yanayin da ya haifi wasan a Machida ya riga ya iso. Tun da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1987, gini ya cinye gonakin cikin ganuwa, ya tsallaka ta, ya bi hanyoyin Kano da Jibiya da Dutsin-Ma da Daura. Kududdufai da yawa an cike su an yanka filaye, waɗanda suka rage sun zama juji. Ita kanta ganuwar saura guntaye. Yaron da ke girma a rukunin gidaje mai katanga da ƙofar ƙarfe, wanda ake kai shi makaranta a mota a dawo da shi a mota, zai iya lissafa halittun waya hamsin kafin ya bambance damo da guza.

Pokémon GO, da ya fito a Yulin 2016, an gina shi ne domin ya fitar da irin wannan yaro waje: wayar na nuna taswirar unguwa, sai an taka da ƙafa ake samun abin kamawa. Amma wuraren tsayawar wasan an ɗebo su ne daga bayanan da 'yan wasan Ingress suka tara, kuma waɗannan sun fi yawa a manyan biranen ƙasashe masu arziki. Ƙauyuka da garuruwan da ba a sa wa taswira ido ba suka tashi kusan fayau. Dajin gaske kuma, inda kakannin gardawa ke bin sawun kura, ya rufe ta wata hanyar. Dajin Rugu, da ya miƙe ta yammacin jihar daga wajen Jibiya da Batsari zuwa Safana da Ɗanmusa, ya zama mafakar 'yan bindiga, babu uban da zai tura ɗansa ɗan shekara 15 can neman kogo. Mafarauta da yawa da suka san hanyoyin daji sun koma aikin sa-kai na tsaron garuruwansu, kuma a Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta kanta domin wannan yaƙi.